Yadda Za Ka Goge Imas Daga Tarihin Ƙungiyar Kiɗanka

Kai dattijon mai kiɗan rok na birnin Bandung, mai furfura har kafaɗa, matso kusa. Shekara shida na yi ina kaɗa piyano a ƙungiyar Tanduk Angin, na ga yadda gwanaye ke yi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari tarihin shekarunku arba'in zai fito fes, babu sunan mace a ciki.

Mataki na 1: Ja waƙa

Kada waƙarka ta gaza minti ashirin da uku. Wanda ya yi gyangyaɗi, ka ce bai waye ba.

Mataki na 2: Kora ba kora ba ce

Ka kori mai ganga a 1987 don ya fi ka farin jini? Rubuta: "Daga nan salonmu ya balaga." Shugabanmu Kang Encep, wato Yaya Encep, ya balaga sau tara.

Mataki na 3: Ɗauko mai ilimi

Yatsu sun tsufa, kai ya fara mantuwa. Nemo yarinyar da ta karanci kiɗa a jami'a. Ta saurari tsofaffin kaset ɗinku, ta rubuta kowane bugu a takarda, ta gyara inda kuka yi shekara talatin kuna kuskure. In ta gama, ka kira ta Neng, wato yarinya, ka ce, "Neng, tunda kin tashi, miƙo mana kofi." Za ta miƙo. Ni ma na miƙo, na danne zuciyata, don kiɗan nake so, ba ku ba.

Mataki na 4: Buga littafin tarihin

Shafi tamanin, hoton gashinka a kowanne. In ta duba ba ta ga sunanta ba, kwaikwayi abin da Kang Encep ya ce da ni:

"Haba Neng Imas, tarihi ai na waɗanda suka sha wuya ne. Lokacin da muka fara, babarki ma tana goye."

"Kang, wa ya rubuta waƙoƙi huɗun ƙarshe?"

"Ruhin ƙungiya."

Mataki na 5: Ranar biki, ka dogara da ruhin

A babbar waƙarku akwai inda bugu ke juyawa daga bakwai zuwa goma sha ɗaya. Ba wanda ya iya ƙirga shi a cikinku. Kan yarinyar kuke kallo, in ta gyaɗa ku juya. Mu ranar namu bikin, gaban mutum dubu biyu, wuyana ya ƙi motsi. Mai ganga ya yi gabas, mai jita ya yi yamma. Kang Encep ya matso yana zufa.

"Neng, don girman Allah, gyaɗa!"

"Ruhin ya gyaɗa, Kang."

Ya koma kan makirufo ya ce: "Jama'a, a kan piyano, wadda ta rubuta waƙoƙinmu, Imas Rohaeti!"

Sai na gyaɗa.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka a kan dandamali, kai ka saya da kuɗinka, babu hannuna. In ka zo ƙorafi ba za ka same ni ba: ina maɗaba'a, ina duba bugu na biyu na littafin.