Rasuwar Baƙar Lemar A-Yueh

Da zuciyar da ya kamata a ce tana cike da baƙin ciki, ni Liao Kun-shan na birnin Chiayi, a madadin 'yata Pei-chi da sauran iyali, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar baƙar lemarmu. Ta cika ranar Talatar da ta wuce a kan teburin Tsoho Pan mai gyaran lema, bayan jinyar karaya da ta yi fama da ita tun farkon bazara.

Marigayiyar ta shigo gidanmu a shekarar da na auri A-Yueh. Babba ce, mai mariƙin katako da haƙarƙarin ƙarfe, irin wadda yanzu ba a yi. Ba ta da yawan magana. Idan an buɗe ta sai ta ce "fat!", idan ruwa ya sauko sai ta yi ta "tif, tif, tif" a saman kawunanmu har ya ɗauke. Ba ta taɓa ɓata ba, ba ta taɓa kwana a gidan wani ba. An sha neman aronta, A-Yueh ta sha hanawa.

Babban aikinta a duniya shi ne rakiya. A-Yueh 'yar kan dutse ce, aure ne ya sauko da ita, saboda haka kowace shekara idan an fara tsinkar ganyen shayi mukan hau tsohon jirgin ƙasan nan mai taragun katako, mu yini a garinsu, mu dawo da yamma. Jirgin yana hawa yana nishi. Ayaba ta ƙare a taga, gora ta fara, gora ta ƙare, sanyi ya shigo. A tashar Fenqihu mu sayi shinkafa da cinyar kaza, ita ta cinye tohon gora nawa da nata. Da azahar kuwa can sama dole a yi ruwa.

A nan zan faɗi aibin marigayiyar guda ɗaya, don ba na son a ce na yi mata ƙarya bayan ranta: ba ta yarda kowa ya riƙe ta sai A-Yueh. Ita kuwa A-Yueh kanta iyakar kafaɗata yake. Duk inda muka nufa ƙarafunan suna sukar ƙeyata, suna tuɓe mini hula. In na ce ta kawo in riƙe sai ta ce, "Kai tsoho, wa ya aike ka yin tsawo? Sunkuya mana, ba wanda zai ƙwace maka sarauta." Sai in sunkuya. Haka na yi ta sunkuyawa har bayana ya saba, ya daina miƙewa ko rana ake yi. Likita ya ce shekaru ne. Na bar shi da iliminsa.

A-Yueh ta rasu a ƙarshen sanyi. Ban yi kuka ba. Mutane suna ta yaba mini dauriya, ni kuwa ba daurewa nake yi ba, ba na jin komai ne kawai. Ina ci, ina wanka, ina biyan mai kawo gas. Sanarwar rasuwarta ma Pei-chi ce ta rubuta, domin na yini da alƙalami a hannu ban samu layi ɗaya ba.

Ta bar wasiyya in an ƙone gawarta bisa al'adarmu a kai tokarta kusa da ta iyayenta, kuma a jirgi, don mota tana sa ta amai. Mai jagorantar jana'izar ya tuna mana abubuwa biyu da kowa ya sani: a riƙa kiranta a kowace gada da kowane ramin dutse da jirgin zai ratsa don kada ta ɓata a hanya, kuma kada a kuskura rana ta taɓa tulun tokar, don ba ta da ƙarfin jure ta yanzu. Ya miƙo sabuwar baƙar lema a cikin leda. Na ce muna da tamu. Ranar ce na fara riƙe ta da hannuna.

Taragon ya cika da masu yawon buɗe ido, kowa da wayarsa a taga. Pei-chi ta rungume tulun a cinyarta. Muka hau gadar farko. Ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta ce, "Baba, kai za ka kira ta. Ni ko tana da rai ba ta jin maganata." Sai na ce, "A-Yueh, gada." Na faɗa kamar mai karanta sunayen tashoshi. Wanda ya san hanyar nan ya san gada da rami ba sa ƙarewa, idona kuma ba kamar da ba. Ana cikin haka wata mata a kujerar gaba, mai jar hula, ta ajiye wayarta. Ba ta waiwayo ba, ta dai ce, "Kawu, ga rami nan tafe." Daga nan ita ta riƙa gaya mini, ni ina gaya wa A-Yueh, har muka isa. Ban tambayi sunanta ba.

Garin da kullum gajimare ke rufe shi, ran nan rana ce tarwai, ga iska. Muna tsakiyar matakalan da ke hawa zuwa gidan ajiye toka, babu bishiya babu rumfa, iska ta shiga ƙarƙashin marigayiyar ta juya ta. Ta ce "ƙas!", wanda shi ne kalaminta na ƙarshe. Haƙarƙari biyu suka karye, yadin ya yage ya koma gefe guda. Pei-chi ta yi ƙara, "Baba, rana!"

Ban yi wani tunani ba. Na matsa kusa da ita kawai, na tsaya yadda na saba tsayawa. Inuwar bayana ta rufe tulun ruf, ba ta rage ko gefe ba, sai ka ce an auna. Haka muka ƙarasa hawa, Pei-chi tana kuka, ni ina sunkuye a kan uwarta. Rana ba ta taɓa ta ba.

An ce a bar lemar a can, ba a komawa gida da irinta. Na yi kamar ban ji ba, na saƙale ta a hammata. Ta yi watanni a bayan ƙofa kafin in kai ta wurin Tsoho Pan. Ya jujjuya ta, ya cire tabarau, ya ce, "Yaya Liao, tsatsa ta cinye ta tun daga ciki. Ba iska ce ta kashe ta ba, lokaci ne. In na taɓa wani ƙarfen, na kusa da shi zai bi." Na gode masa, domin ya yi iya ƙoƙarinsa.

Marigayiyar ta bar kubenta na yadi, wanda A-Yueh ta ɗinka, da ƙusar da ake rataye ta a bayan ƙofa, da wata 'yar lema mai furanni ta Pei-chi wadda ba su taɓa shiri ba. Ta kuma bar wani tsoho mai lanƙwasasshen baya, wanda ya zauna zai rubuta layi biyu, ga shi har takarda ta ƙare masa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi. Za a tashi a jirgin safe, a tsaya a Fenqihu, inda za a sayi shinkafa ɗaya. Za a jingine marigayiyar a bakin ƙofar inda tokar A-Yueh take, mariƙin yana ƙasa-ƙasa yadda hannu zai kai. Ba sai kowa ya wahalar da kansa wajen kira a gada ba, ta san hanya, amma ni zan kira. Ba a karɓar furanni. Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya kada wanda ya kawo mini sabuwar lema. In ruwa ya sauko da azahar, a bar shi ya same ni.