Ranar da Na Ɗaure Ɗan Gari

Ba zan taɓa mantawa da guzan Sentul, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, ba, ko da kuwa ina so in manta, matata ba za ta bari ba.

Lokacin kullen korona ne. Na gaji da bango huɗu, na gaji da rubutun digirin da ya ƙi ƙarewa, ga bizar karatuna tana hannun hukuma ana jiran sabuntawa. Sai aka turo saƙo a zauren WhatsApp na benenmu cewa an ga iguwana, wani koren baƙon ƙadangare da masu kiwo ke gajiya da shi su saki, ya hayayyafa ya takura wa dabbobin ƙasar. Doka ta hana sakinsa. Wanda ya gan shi ya kira jami'an namun daji. (Hoton da aka haɗo kuwa ko buɗe shi ban yi ba. Ni da na tashi ina farautar damo a ƙauye, wa zai nuna min ƙadangare?)

Washegari na sauka zubar da shara, sai ga shi a bakin kwalbati, ƙato, yana shan hantsi. Na koma sama da gudu, na kwance igiyar shanya, na yaye zanin gado.

"Baban Amira, kore fa aka ce," in ji matata tana leƙe ta taga. "Wannan baƙi ne."

"Ke 'yar birni ce, me kika sani?"

Na sha wuya. Ya zabga min jela a ƙwauri har sai da na ga taurari, takunkumina ya faɗa kwata, amma na ɗaure shi tamau. Na tsaya kansa ina haki na ɗauki hoto, na tura zaure, har da rubuta cewa haka muke yi a Najeriya. Zaure ya yi tsit. Ni a zatona mamakin jarumtata suke.

Da jami'an suka iso, babbansu ya dubi guzan, ya dube ni, ya sauke numfashi irin na wanda shi ma ya gaji da duniya.

"Boss, wannan ba iguwana ba ne, guza ne, namu. Ɗan ƙasa ne. Doka kare shi take yi, kama shi sai da lasisi."

Ya nemi fasfona. Na san in maganar ta kai kotu, biza ta tafi, shekarun karatu sun bi ruwa. Me zan ce a gida? An koro ni saboda guza? Maƙwabta duk sun fito baranda, Amira kuma tana ihu daga sama da Turanci wai Baba ya saki abokinta, ashe kullum ta taga take gaishe shi.

Haƙuri na yi ta bayarwa, da Turanci, da guntun Malayancina, har da Hausa. Daga ƙarshe suka ja min kunne, suka ce ni zan kwance shi da hannuna. Na durƙusa gaban jama'a ina kwance ƙulli, ya ƙara min bulala ɗaya ta sallama, ya shige kwalbatinsa. Iguwanar kuwa, koriya shar, suka sauko da ita daga bishiyar da na tsaya ƙarƙashinta ina ɗaukar hoto.

Na hau bene ina ɗingishi. Matata kuwa igiyar shanyarta kawai ta miƙo hannu ta karɓa.

Tun ranar, a ƙasar mutane ko ƙadangare na gani sai in ba shi hanya. Wataƙila takardunsa sun fi nawa ƙwari.