Mai Gangar Bayan Katanga

A majalisarmu ta Rurum, in aka zo maganar waƙa ni ake kallo, don na yi shekara biyu ina tura wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwar Rano. Rannan Sagir, ɗan ƙanen babana, ya dawo daga karatu da wasu waƙoƙin Turawa, wai kiɗan ƙarfe: jita mai ruri, goge barkatai, da mace mai murya kamar za ta tsaga sama.

Aka fara zagayawa da iyafis. Malam Habu ya ce ihu ne kawai. Ɗanlami ya ce matar dai ta iya. Ni kuwa na kasa zama, sai karkaɗa ƙafa nake, na ƙagu a zo kaina in gyara musu.

Ina sakawa na lumshe ido. Na ji wani gurnani yana tashi yana sauka. Na ɗaga yatsa.

Na ce, "Wallahi ba ku da kunne. Mai gangar nan ko numfashi ba ya yi. Wannan ya san aikinsa!"

Sagir ya duba wayar. "Yaya, ai ban danna ba tukuna."

Nan take Hajiya Larai ta kashe injin niƙanta a bayan katanga, mai gangata ya yi tsit.

Shekara uku ke nan. Ko jiya da na kai niƙan dawa, sai da Hajiya ta ce, "Gwani, in sa maka daga farko, ko amshin kawai kake so?"