Daron Hajiya da Tankin Hukuma

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake kai ƙarar gadon bayana, wanda tun jiya ya ƙi miƙewa.

Jiya da hantsi, ya ku masu karatu, na shimfiɗa tsohon buhu na shiga ƙarƙashin motata da niyyar yi mata juyen baƙin mai da hannuna. Ba rowa ce ta kai ni ba, ba kuma ƙwarewa ba. Bakaniken da ya saba yi mini wannan aiki ya shiga layin fetur tun makon jiya, har yanzu bai fito ba. An ce can iyalinsa suke kai masa abinci, an kuma ce ya yi abokan arziki. Ta waya ya karanta mini darasin: a kwance noti na ƙasa, a bar tsohon mai ya tsiyaye, a mayar da noti, a zuba sabo ta sama. Na ce a raina, mutumin da ya tsufa yana warware mas'alolin rabon gado ba noti ɗaya ne zai gagare shi ba.

Abin tarar man ne ban tanada ba. Da na waiga tsakar gida sai na hango wani farin daro mai zanen jajayen furanni, a kife bayan ƙofar kicin. Hajiya, maiɗakina, ta fita duba 'yarmu. Na san hukuncin taɓa kayan mutum ba da izininsa ba, na kuma karantar da shi ga ɗalibai masu yawa, amma na ba kaina fatawa cewa wannan aro ne na ɗan lokaci tsakanin miji da mata. Allah Ya tsare mu da fatawar da mutum ke ba kansa da sifana a hannu.

Tsohon mai ya sauko baƙi ƙirin, ya kwanta a daro. Na rarrafo na fito, na ɗaga bonet, na kafa mazurari, na yi bismillah, na juye galan ɗin sabon mai har ɗigon ƙarshe. Maƙwabcina tela yana jingine da katanga, tef a wuya, yana kallo da irin natsuwar wanda ba motarsa ba ce.

"Malam," in ji shi, "ita wannan motar ba ta riƙe abin da aka ba ta ne?"

Na sunkuya. Sabon man nan, rawaya garau, yana zuba ta ƙasa cikin daro kamar an buɗe famfo. Na laluba aljihu, sai ga noti kwance kusa da carbina.

"Kada ka damu, Malam," in ji tela. "Haka manya ke tafiyar da baitulmali, a zuba ta sama a tara daro ta ƙasa. Kai ma ka fi su, tunda ka san inda naka ya tafi."

Ana haka Hajiya ta shigo. Ta dubi mota, ta dube ni, sannan ta tsayar da ido a kan daro, wanda ya cika fal har furannin sun nutse. Ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya daɗe da aure ya san wannan ya fi ihu hatsari.

"Malam, daron wa ke nan?"

"Naki ne, Hajiya."

"Na mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙanta. A cikinsa aka yi mini wankan farko, a cikinsa na yi wa 'ya'yanka duka. 'Yarka kuwa yau ko gobe take. Ina son a wanke shi a kife shi inda ka same shi kafin jikan nan ya iso. In ba haka ba, kai za ka yi mata bayani da bakinka, ni kuma zan zauna can wurinta har ka sauke karatun kanikanci."

Tela ya ba da shawarar a tuntsurar da man a kwata a huta. Na ƙi. Kwatar unguwarmu tana bi ta ƙofar gidajen bayin Allah, yara na tsallaka ta, awaki na sa baki, daga ƙarshe ta gangara inda masu lambu ke ɗiban ruwa. Cutar da maƙwabci ba ta zama halal don an yi ta da ruwan baƙin mai. Sai na tuna na taɓa ji a rediyo cewa shugabanninmu masu hangen nesa, Allah Ya ƙara musu nisan gani, sun buɗe Cibiyar Karɓar Tsohon Baƙin Mai domin irin wannan rana. Na ari baro, muka ɗora daron ni da tela, na kama hanya ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hanyar ta bi ta gefen layin fetur. Wanzami ya kafa kujera tsakanin motoci yana aski, wani ya shanya wankinsa a kan gilashi, wasu dattawa biyu suna daidaita maganar auren 'ya'yansu, domin a layin suka san juna. Daga can tsakiya na ji muryar bakanikena: "Malam, ka dai mayar da noti ko?" Na yi kamar kunnena ya yi nauyi.

Cibiyar kam, a faɗi gaskiya, ta ƙayatar. Ƙofa ce mai tsayi, ga allo da manyan haruffa, ga shuke-shuke a jere, ga tanki a tsakiyar fili fari sol yana ɗaukar ido. Maigadi ya kai ni gaban wani jami'i mai sanye da kwat a wannan zafi, wanda ya gabatar da kansa a matsayin Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Kula da Tanki. Ya leƙa daron, ya ja da baya.

"Baba, man nan ya yi datti."

"Dalilin kawo shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Ba mu karɓar mai datti. Tankin nan an yi masa fenti ciki da waje. Ban da haka ma, mun liƙe bakinsa da walda don kada ɓarayi su sace abin da ke ciki."

"Me ke ciki?"

"Babu komai. Kuma ina tabbatar maka, tunda aka liƙe shi ba a taɓa sace ko ɗigo ba."

Na jinjina wannan hikima, domin a duk littattafan da na karanta ban ga babin da ya kai nan wajen tsare amana ba. Ina shirin juya barona sai jiniya ta cika gari. Ashe a ranar ne Mai Girma Uban Almakashi, wanda babu zaren da ya taɓa gagararsa yankewa, zai sake buɗe cibiyar, saboda a buɗewar baya hotunan ba su fito da kyau ba. Jami'in ya dubi kujeru, ya dubi masu ɗaukar hoto, sai ya gane an tanadi komai ban da talaka mai ɗauke da baƙin mai. Ya dawo wurina da fara'a irin ta ɗan da ya ga mahaifinsa bayan doguwar tafiya.

"Baba, Allah ne Ya kawo ka."

Wannan gaskiya ne, don haka ban musa ba. Kafin in ƙara magana an gyara mini hula, an tsayar da ni a gindin tanki. Mai Girma ya sauko daga mota ta tsakiya cikin jerin da ban ga ƙarshensa ba, a garin da bakanike ke kwana a layi. Ya riƙe bakin daron da farin hankici, ni na riƙe ɗaya gefen, muka karkata shi kaɗan wajen murfin da aka liƙe, aka ɗauki hoto. Sannan ya yi jawabi. Ya yi alkawarin cewa nan gaba kaɗan kowace unguwa za ta samu tankinta, kowane tanki kuma zai samu mai kula da shi da mataimakansa. A ƙarshe ya nuna daron Hajiya ya ce wannan daro ya shiga tarihi, shi ne na farko da ya zo cibiyar, don haka a adana shi domin 'yan baya. Aka yi tafi.

Ma'aikata biyu suka sungumi daron suka zagaya bayan gini, na bi su ina cewa amana ce. A gaban idona suka tuntsurar da man a kwatar bayan katanga, wadda na san sarai ita ce ke gangarawa unguwarmu. Abin da na turo baro tun daga gida don in kauce masa, hukuma ta yi mini shi cikin ƙiftawar ido. Suka wanke daron da sabulu da ruwan zafi, suka goge, suka sa shi cikin akwatin gilashi a zauren baƙi.

"Ranka ya daɗe, na maiɗakina ne, kuma ana jiransa."

"Baba, ai yanzu na al'umma ne," in ji jami'in. "Kana iya kawo ta ta kalle shi a ranakun aiki."

Na dawo gida da baro babu komai, ina istigfari saboda masu lambu, na zayyana wa Hajiya yadda aka yi ban rage komai ba. Ta ajiye mini abinci, ta shige ɗaki.

Yau da safe waya ta zo cewa 'yarmu ta fara naƙuda, an wuce da ita asibiti. Hajiya ta yafa mayafi ta ce, "Malam, biyo ni." Na bi. A ƙofar cibiya ta ce da maigadi, "Ɗana, buɗe," ya buɗe har da rusunawa. Ta miƙe zauren baƙi ba tare da ta tambayi hanya ba, ta ɗaga murfin akwatin gilashi, wanda ashe kwaɗonsa yana cikin ayyukan baɗi, ta ciro daronta ta rungume. Jami'in ya fito da gudu, kwat a hannu.

"Hajiya, Hajiya, wannan kayan hukuma ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ɗan nan, in hukuma ta fara naƙuda, ta aiko in ara mata."

Muka juya muka fice da daronmu.

Alhamdu lillahi, an sauka lafiya, an samu 'ya mace, kuma da aka dawo da su gida ɗazu a cikin daron kakar mahaifiyarta aka yi mata wanka. Ina zaune a waje ina karɓar barka sai tela ya ƙaro muryar rediyonsa: an rufe Cibiyar Karɓar Tsohon Baƙin Mai har sai abin da hali ya yi, sakamakon ɓacewar kayan aikinta, an kuma naɗa kwamitin manyan mutane ya binciko musabbabi.

Addini ya hore mu da yin adalci ko ga wanda muke ƙorafi a kansa, don haka ga shaidata. Hajiya da kanta ta ce tunda take ba ta taɓa ganin daron nan ya yi ƙyalli haka ba. Wannan wanki shi ne aikin hukuma na farko da ya taɓa shigowa gidana, shi ma sai da muka je muka ɗauko da ƙafarmu.