Iska Ce Ta Ɗauke Tamfol, In Ji Manya

Yau tun da hantsi nake tsaye a layin mai na tashar kwalekwale, jarka a hannu, rana tana gasa min ƙeya. Da layi ya iso kaina, mai sayarwa ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Daeng Ngitung, mai ya ƙare." Ban gama juyawa ba na ji mai yana kwarara a jarkar na bayana. Na ce, "Wannan fa, ruwan kwakwa ne?" Ya ce ai ragowa ce. Ragowar nan kuwa ta ishi kowa har ƙarshen layi, ban da ni.

Maƙwabcina Daeng Sarro (Daeng a wajenmu laƙabin girmamawa ne, mace ko namiji) yana gefe yana ɗinkin koma, ya ce, "Kai ka jawo wa kanka. Wa ya aike ka shiga rediyo?"

To, jama'a, bari in ba ku labarin wanda ya aike ni.

Ina cikin wata ƙungiya ta masu sa ido kan zaɓe a tsibirinmu. Ba wasu manya ba ne, masunta ne da malaman firamare da matan kasuwar kifi. Ido kam muna da shi. Bakin ne matsala. A zaɓen da ya wuce wani ɗan jarida ya tsallako ruwa ya tambaye ni abin da na gani, na fara masa da zuwan kakana tsibirin nan. Ban kai ga auren babana ba batirinsa ya mutu.

Shi ya sa bana aka kwashe mu zuwa birni, wai za a koya mana magana. Ni ɗin nan, wanda matata Daeng Bollo ke cewa ko a barci ba na yin shiru.

A otal aka yi taron, sanyin na'ura kamar a rumbun ajiye kifi. Ba mu gayyaci Mai Girma Uban Alkawari ba, wanda ya yi mana alkawarin gada tun ina da baƙin gashi, kuma yake neman mu sake zaɓensa don ya ƙarasa tunaninta. Amma otal ɗin na ƙaninsa ne, don haka ya leƙo ya sa albarka. Ya yi mana jawabi a kan amfanin taƙaita magana, har shinkafa ta huce, miya ta yi fata. Allah ya ƙara masa lafiyar maƙogwaro.

Da ya tafi, mai koyarwa ta miƙe. Ibu Nurhaedah sunanta, wato Uwargida Nurhaedah, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, 'yar gajera mai kaifin ido. Ta ɗauki cokali ta kara min a baki kamar makirfo, ta ce, "Daeng, ni 'yar jarida ce. Me ka gani a rumfar zaɓe?"

Na gyara murya. "Da farko ina gaida iyayenmu malamai, da shugabannin al'umma, da masu girma..."

"An yanke ka. An sa tallar taliya."

"Ibu, ai ban gaida kowa ba tukuna!"

"Za su yi haƙuri. Me ka gani, a ina, da yaushe. Shi ke nan."

Aka sake. Na ce, "Na ga ɓarayi!" Ta dafe kai. Ta ce, "In ka ce ɓarawo, lauyansa ya samu abinci, kai kuma ka samu ɗaki mai ƙarfe a taga. Faɗi abin da idonka ya gani, ka bar masu sauraro su raɗa masa suna." Haka muka wuni, cokali yana yawo daga baki zuwa baki. Na koma gida na ba Daeng Sarro labari, ya ce, "Wato har birni ka je a koya maka yin shiru? Da ka zo wurina na koya maka kyauta."

Ranar zaɓe na sa rigar ƙungiya na nufi rumfa. Sai na tarar ba a makaranta aka kafa ta ba kamar kullum. An ce rufin makaranta yana yoyo, alhali rabonmu da ruwan sama mun manta. An kafa ta a gindin gidan Haji Tompo, surukin Mai Girma, wanda rabin kwalekwalen tsibirin nan ke sayar wa da kifi. Gidan kuwa, kamar na kowa, a kan dogayen ƙafafun katako yake. An yi wa rumfar rufin tamfol, sai dai daidai saman wurin da mutum ke ɓuya ya huda takardarsa da ƙusa, don haka ake zaɓe a wajenmu, babu tamfol. A baranda kuma, daidai saman ramin nan, ga Haji a kujera da kofin gahawa, yana kallon ƙasa cikin tsananin ƙaunar jama'a.

Na tambayi ma'aikatan rumfa, suka ce iska ce ta ɗauke.

Sai ga Kaka Saribanong, tsohuwar da ke busar da kifi, wadda jikokinta ke aiki a jirgin Haji. Ta shiga, ta ɗauki ƙusa, ta ɗaga kai. Haji ya ɗaga mata kofi ya ce, "Kaka, a yi a hankali, kada a huda inda zai yi ciwo." Ta ajiye ƙusar ta fito ba ta huda komai ba, ta zauna a inuwa tana goge ido da gefen zani. Nan dariya ta bar ni.

Na koma bayan bishiyar mangwaro na buga lambar rediyon da Ibu Nurhaedah ta ba mu. Aka ce ina kan iska, wato ana ji na kai tsaye. Wallahi sai bakina ya koma gidan jiya. "Da farko ina gaida..." Daeng Bollo, da ta biyo ni da abincin rana, ta kama naman cinyata ta murɗe. Ta ce, "Baban Rahmatia, in ka gaida mutum ɗaya, yau a kwalekwale za ka kwana."

Na ce, "Ni ne Ngitung, mai sa ido. Yanzu haka a rumfar tsibirinmu babu rufi a saman wurin huda takarda. Surukin ɗan takara yana zaune a baranda a samansa yana kallon hannun kowa. Wata tsohuwa ta fito ba ta yi zaɓe ba." Na tsaya. Ban taɓa yin magana ta ƙare da wuri haka ba, har na ji kamar na fita ba wando.

Ashe duk shagunan shayi rediyo a kunne yake. Haji da kansa ya ji ni daga barandarsa, gahawa ta sarƙe shi. Kafin azahar ga jirgin ruwan jami'an zaɓe daga birni. Aka kwashe rumfa aka mayar makaranta, rufinta kuma ya warke nan take, ikon Allah. Kaka Saribanong ta shiga ta daɗe, ta fito da tawada a ɗan yatsa tana nuna wa kowa. Na ce, "Kaka, wa aka huda?" Ta ce, "Kai ma baranda gare ka?"

Mai Girma dai ya sake ci, kada ku ce na ɓoye muku. Amma a tsibirinmu da ƙyar ya sha, kuma washegari ya shiga rediyo ya yaba wa kansa bisa gaggawar da ya yi wajen kare sirrin talakawa. Ya kuma kafa kwamiti mai ƙarfi don binciken musabbabin yayewar tamfol. Sun zo cikin jirgi mai rumfa, sun ci gasasshen kifi, sun auna baranda. Da yake ni mai kwalekwale ne, suka kira ni in ba da shaida a kan yanayin iska a ranar.

Na ce, "Puang, ranka ya daɗe, iska kam an yi, daga gabas ta taso. Amma a iya zamana a teku ban taɓa ganin wadda ta kwance igiya, ta ninke tamfol, ta ajiye shi a ƙarƙashin kujera ba."

Shugaban kwamiti ya gyaɗa kai, ya ce lallai wannan baƙuwar iska ce, dole a je ƙasar waje a karanto halinta. An ce har sun fara ɗinka kwat.