Madubin Dakta Hadassah

Wani ne fa, mutumin Paiko, dillalin doya. Kasuwa ta juya masa baya, sai surukinsa ya samo masa aikin masinja a wani ɗakin bincike a Minna.

Shugabar wurin Dakta Hadassah ce. Aikinta gwada wasu 'yan madubai, kowanne bai fi murfin kwalba ba. An yi musu wani shafi siriri a fuska, yana ɗaukar ido shuɗi-shuɗi ja-ja, kamar an ɗiga mai a ruwa. Takan harba musu wani haske mai ƙarfi da ake kira lesa, na'ura ta nuna mata yawan hasken da shafin ya mayar da wanda ya shanye.

Ranar farko ta ce masa, "Malam, yau za mu auna haske."

Gogan naka ya fice. Can sai ga shi da mudu, ya aro wurin mai garin kwaki a bakin geti.

"Wannan fa?"

"Na awon ne, Dakta. In kuma kashi-kashi za a yi, nan na fi ƙwarewa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ya mayar wa mai shi. Da ya dawo ta miƙa masa wani baƙin tabarau.

"Sa wannan. Hasken nan yana makanta mutum, kuma ido ba ya ganinsa."

Ya sa. Ta kunna na'ura. Ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, bai ga ko ƙyalli ba. Sai ya matso, ya rage murya.

"Dakta, wa ya sayar miki da fitilar nan?"

"Daga ƙasar waje aka kawo ta."

"An cuce ki. Amma kar ki damu, akwai mai gyaran tocila a Tudun Fulani, mutumina ne."

Aka yi kwanaki. Wata rana da la'asar za ta tashi, ta nuna masa madubin da ya fi kowanne daraja, yana zaune cikin 'yar akwatinsa.

"Gobe manyan baƙi za su zo daga Abuja ganin gwajin wannan. Ka share ko'ina, kar in ga datti. Shi kuma ka kula min da shi sosai."

"An gama, Dakta."

Washegari baƙi suka cika ɗaki, kowa da tabarau. Dakta ta ɗora madubi, ta kunna. Na'ura ta ce babu abin da ya dawo. Ta kashe, ta sake kunnawa. Babu. Baƙi suka fara gyaran murya. Ta ɗauko madubin, ta ɗaga shi wajen taga, sai ta hango bishiyar mangwaro ta cikinsa tar.

"Wa ya taɓa wannan?"

Gogan ya fito daga bayan baƙi, yana gyara hula.

"Ni ne, Dakta. Ba sai kin gode ba."

"Ina shafin?"

"Wannan maiƙon? Na fitar. Ai ba zan bari baƙi su ga ƙazantarmu ba."

Dakta ta nemi kujera ta zauna, ta dafe kai.

"Malam, tun bara muke fama kafin shafin nan ya zauna."

"Tun bara? Ashe shi ya sa ya ƙi jin sabulu, sai da na haɗa masa da toka da soson ƙarfe."