Ranar da Na Yi Shelar Basur Ɗin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da makona na biyu a sitaj ba, ko da na so in manta. Na gama shekara ta biyu a karatun haɗa magunguna, aka tura ni wata farmasi a Djougou in yi sitaj, wato koyon aiki. Ranar da zan bar gidanmu a Zongon Parakou, da farar rigar aikina na hau zemijan, wato acaɓa, zuwa tasha, don duk unguwa ta shaida. (Ko allura ban taɓa riƙewa ba, amma ji nake kamar ni na ƙirƙiro farasitamol.)

Madam mai farmasin ta ce aikina jera kwalaye da sauraro. Sauraro! Ni da na haddace sunayen magunguna kamar karatun allo? Na dai haɗiye, ina jiran ranata.

Ranar kuwa ta zo. Kasuwa na ci, layi har bakin ƙofa, Madam ta shiga ciki amsa waya. Wani dattijo, takunkumi a hanci, hula ta sauko har goshi, ya turo mini takardar likita a ninke. Ko fuskarsa ban kalla ba. Ina karantawa zuciyata ta yi fari: maganin basur, irin na cusawa. Darasin da na ci jarrabawarsa!

Na soma bayani da Faransanci, da murya irin ta mai tallar doya a kasuwar Arzeke. Ya yi shiru. Na ce a raina, bawan Allah bai yi boko ba. Na koma guntun Dandancina, yaren garin. Shiru. Sai na juya Hausa, na ƙara sauti:

"Baba, wannan na basur ne! Ba haɗiya ake yi ba, ta ƙasa ake sawa, safe da yamma. Naka mai jini ne ko mai tsiro?"

Har da ɗaga ƙwayar sama ina kwatance da yatsa. Wata mata a layi ta toshe baki da mayafi. Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi."

Dattijo ya sauke takunkumi a hankali. Alhaji Mamudu mahauci ne. Maƙwabcinmu katanga ɗaya, aminin babana, wanda ya yanka ragon sunana.

"'Yata," ya ce ƙasa-ƙasa, "farmasi nawa na wuce a Parakou, na hau mota har Djougou don kada wanda ya san ni ya ji. Ashe ke Allah ya ajiye mini a nan da lasifika."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina wuni Baba, ya mutan gida?" (Ƙwayar tana nan a hannuna, a sama.)

Madam ta fito, ta ja shi gefe, ta yi masa bayanin da ni kaina ban jiyo ba, ta sallame shi. Sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Abin da ke cikin takardar nan amana ne. Wanda bai iya riƙe amana ba, tumatir ya kamata ya sayar."

Alhaji bai taɓa gaya wa babana ba. Sai dai har yau, in aka aike ni sayen nama wurinsa, yakan tambaya, "Dokta, in ƙunshe miki a asirce, ko in yi shela?"

Ni dai na koya: kafin ki buɗe baki, ki ɗaga ido. Kuma ba duk mai yi miki shiru ne jahili ba; wani kunya yake taya ki ji.